Bankin da ba shi da taga: lacca kan ginin Babban Bankin Ingila

Assalamu alaikum. Ɗalibai, ku dubi hoton nan da kyau. Babban Bankin Ingila ke nan, a titin Threadneedle da ke Landan, inda ya tare tun 1734. Ku bi katangar ƙasa da ido. Kun ga taga? Ko ɗaya babu.

Tsoro ne ya jawo haka. A 1780 aka yi tarzomar Gordon, wato boren ƙin jinin ƴan Katolika a Landan, masu bore suka kai wa bankin hari. Abin ya girgiza shugabanninsa, har cocin da ke maƙwabtaka da su aka rushe, gudun kada wata rana a hau hasumiyarsa a far musu daga sama. Da John Soane ya karɓi aikin zanen ginin a 1788, aikin da ya riƙe shekara 45, sai ya kewaye filin gaba ɗaya da katangar dutse.

To ta ina haske zai shiga, ga shi babu lantarki? Nan fa gwanintar mutumin take. Ta rufi ya shigo da shi. Ya yi wa manyan ɗakunan kubba, ya huda tagogi a ƙoƙonta da kuma can sama ƙarƙashin bakunan rufin. Akawu yana zaune haske na sauko masa kan littafi, na waje kuwa ba shi da kafar leƙe. Saboda gobara kuma ya guji katako, ya ɗaura rufin da bulo da ƴan tukwanen yumɓu marasa nauyi.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ma'aikata suka yi wa wurin yawa, aka kira wani mai zanen gini, Herbert Baker. Daga 1925 zuwa 1939 ya rushe kusan duk ɗakunan nan, ya tayar da bene mai hawa bakwai, da wasu hawa uku a ƙarƙashin ƙasa. Katangar waje ce ta tsira. Masanin tarihin gine-gine Nikolaus Pevsner ya kira wannan rusau babban laifi, ni ma ina bayansa.

Sai a 1950 aka sa ginin a matakin farko na gine-ginen da doka ta hana taɓawa ba izini. A lokacin ɗakunan Soane sun daɗe da zama ɓaraguzai. Wanda ya je Landan a cikinku, ya shiga gidan tarihin bankin ta layin Bartholomew. An sake gina kwaikwayon ɗaki guda a can, kuma shiga kyauta ne.