Daga Dandalin Cibeles: Kyautar da ba a cika maganarta ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina tsakiyar Madrid, iska na kaɗawa, ku yi haƙuri idan murya na yankewa. Masoya Real Madrid, kun gane wurin nan ko? Ga maɓuɓɓugar ruwan da 'yan wasa ke zuwa murna idan sun ɗauki kofi. Amma ba ita ta kawo ni ba. Bari in juya kyamara. Kun ga wannan farin ginin mai kama da fada? A ciki aka yi bikin kyaututtukan Laureus, waɗanda ake ba gwarazan wasanni na duniya, a 2024 da 2025.

Da na tambaye ku wa ya karɓi kyauta a nan, za ku ce Bellingham, za ku ce Lamine Yamal. Gaskiya ne. To a dare ɗaya da Yamal, an kira wata yarinya 'yar Chana, Jiang Yuyan, wadda ta rasa hannu da ƙafa a haɗarin mota tun tana ƙarama. Zinare bakwai ta ci a ninkaya a gasar nakasassu ta Faris. Bakwai! Ita aka ba kyautar gwarzon masu buƙata ta musamman, ita ce kuma kyautar da nake so mu yi hira a kai.

Tun bikin farko aka fara ba da ita, a Monako, shekarar 2000, ranar da marigayi Nelson Mandela ya tsaya ya ce wasanni na da ƙarfin sauya duniya. Wadda ta buɗe fage ita ce Louise Sauvage ta Ostareliya, mai tseren keken guragu. Bayanta aka ba ɗan ƙasarsu Vinny Lauwers, wanda ƙafafunsa suka shanye, amma ya zagaye duniya shi kaɗai a jirgin ruwa.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Esther Vergeer ta Holan. Tana buga tanis a kan keke, ta karɓi kyautar a 2002 da 2008. Daga 2003 har ta yi ritaya a 2013 ba wadda ta doke ta, wasa 470 a jere. Ku lissafa da kanku: shekara goma kana fita fili, kowa na neman kanka, ba ka faɗi ko sau ɗaya ba. Ɗan ninkayar Barazil Daniel Dias shi ya fi kowa ɗauka, sau uku. A 2021 kuwa ba a ba kowa ba, korona ta tsayar da wasanni.

Daga Afirka fa? Ernst van Dyk a 2006, Natalie du Toit a 2010, sai Oscar Pistorius a 2012, wanda daga baya kotu ta same shi da laifin kashe budurwarsa. Dukansu 'yan Afirka ta Kudu. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, wallahi. A gasar Olamfik ta Rio 2016 tawagar Najeriya ta masu lafiya tagulla ɗaya ta kawo, ta ƙwallon ƙafa. Nakasassunmu kuwa zinare takwas suka kawo, yawanci a ɗaga ƙarfe, irin su Lucy Ejike. Mu kanmu nawa ne muka san sunayensu?

Ina da yaya a gida, shan inna ya taɓa shi tun yana goye. Da yamma yakan hau ɗan katakonsa mai tayoyi, ya zura silifas a hannu, su buga ƙwallo da abokansa a kan siminti. Tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙirgi. Shi ne ya fara faɗo mini a rai ɗazu, da na ga motar bas ta ɗan rusuna a bakin titi, wani faranti ya fito daga ƙofa, wata baiwar Allah ta gangaro a kekenta ba wanda ya taɓa ta.

Yaya, na san kana kallo. Ga ginin nan, na ɗauko maka shi sosai. Bari in matsa kusa da ƙofar ka ga ta inda suke shiga.