Daraktan waje da Oscar: ƙofa biyu ake shiga

Bong Joon-ho, darakta ɗan Koriya ta Kudu, ya yi murmushi a bikin Oscar na 2020, wato babban bikin kyautar finafinai na Amurka. Fim ɗinsa Parasite kyauta huɗu ya kwasa a dare ɗaya. To, ɗaya daga cikinsu, wato ta fim ɗin ƙasashen waje, a hukumance ta ƙasarsa ce.

A nan ake rikicewa, don haka mu tsaya.

Ƙofa ta farko ita ce rukunin fim ɗin ƙasashen waje; a ƙa'idar wancan lokacin, darakta ba ya kai kansa. Kowace ƙasa tana da kwamiti, kwamitin ya zaɓi fim guda tal a shekara ya tura Amurka. Guda fa. Ko finafinai dubu kuka yi, ɗaya za a karɓa. Kuma dole fiye da rabin maganar da ke cikinsa ta zama ba da Turanci ba. Wannan sharaɗin ne ya kada Lionheart na Genevieve Nnaji a 2019: Najeriya ta tura, aka duba, Igbon da ke ciki bai wuce minti goma sha ɗaya ba, aka cire shi. Ni a ganina ƙa'idar ta matsa wa ƙasashen da Turawa suka bar wa Turanci, amma haka take a rubuce.

Shi ya sa in kun ji an ce "Mai Martaba ya shiga Oscar" a 2024, ku yi murna, fim ɗin Hausa ne, amma turawa aka yi. Bayan nan ake tacewa zuwa 15, a sake tacewa zuwa 5, sannan a fidda gwani. Tsakanin turawa da biyar ɗin nan, tafiya ce mai nisa.

Ƙofa ta biyu kuwa ba ruwanta da kwamiti ko fasfo. Gwarzon darakta, kowa na iya nema, muddin an haska fim ɗinsa a sinimar Amurka kwana bakwai a jere an cika sauran sharuɗɗa. Ta nan Ang Lee ɗan Taiwan ya bi ya ci kyautar sau biyu, Chloé Zhao 'yar China ta ci a 2021.

Sai 'yan Mexico. Cuarón 2014, Iñárritu 2015 da 2016, del Toro 2018, Cuarón ya dawo 2019. Shekara shida, sun ɗauke biyar!