Takardar da Anti ta sa wa hannu

Anti: Assalamu alaikum. Tunda na ce na shiga rajistar binciken ciwon daji, wayata ba ta huta ba. Tambaya ɗaya ce: "Anti, gwaji za a yi da ke?"

Auta: Inna ma ta ce in tuna miki da Kano.

Anti: Inna tana da gaskiya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an gwada sabon magani a binciken da aka yi da yara kusan 200, 11 suka rasu. Wa zai ce a manta? Amma ni suna da lambar waya na bayar, da irin ciwon da Yaya ta yi, Allah ya jiƙanta. In wani bincike ya taso sai a kira ni, in ji bayani, in ce e ko a'a.

Malam: Amin. To ke da ba ki yi ciwon ba?

Anti: Masu jinya ma ana son jin bakinsu, Malam. Shekara biyu ina kwana a tabarma gefen gadonta. Ni na san kuɗin allura, ni na san wata nawa muka ɓata ana shafa wa ƙullutun nan maganin gargajiya kafin mu yarda sankarar mama ce. Likita minti goma yake ganinta. Sauran yinin fa, wa zai ba da labarinsa?

Malam: Na ɗauka asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya yana da rajistarsa ta masu ciwon daji.

Anti: Yana da ita, irin ta Ibadan da aka fara tun 1960. Waccan ƙidaya ce daga fayil. Wannan da ƙafarka za ka je.

Auta: Da ƙafa har Shika? Daga Ƙofar Doka mota nawa ke nan?

Malam: Biyu. Ka sauka Kwangila ka canja.

Auta: Uku dai, in ta Samaru ka samu.

Malam: Sai in ka makara. Da asuba akwai mai wucewa kai tsaye.

Auta: Mara lafiya ne zai yi sammakon asuba cikin hunturu?

Anti: Ka ga wannan maganar taka ma abin rubutawa ce, don kuɗin mota ya sa muka tsallake ranar asibiti sau biyu. Abin da nake roƙo, kada a dangwala yatsa sai an karanto takardar amincewa da shiga binciken da Hausa. A tambaya wa zai ga sunan, kuma kwamitin ɗa'a, mai tabbatar da cewa bincike ba zai cuci mutane ba, ya amince? Kana da ikon janyewa ko gobe, maganinka ba zai tsaya ba. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane.

Malam: Saura batun neman yardar maigida da muka ce za mu...

Auta: Malam, an kira la'asar.

Anti: To, mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku turo tambayoyinku.