Datsun: Motar Da Aka Binne Sau Biyu

An rubuto wannan lacca daga rikodin na wani zama da aka yi da direbobi, makanikai da ɗaliban koyon gyaran mota. An rage gaishe-gaishen farko da wasu maimaice-maimaice.

Assalamu alaikum. Iyayenmu direbobi da ke gaba, iyayen gidanmu makanikai, da ku ɗalibai na can baya, sannunku da haƙurin zama. Na can baya kuna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan motocin Japan masu araha, sai na zaɓi Datsun, saboda mota ce da labarinta ya riga ya ƙare, ana iya duba shi daga farko har ƙarshe. Kuma sau biyu aka yi ta, sau biyu aka binne ta. A duka biyun da sunan araha aka sayar da ita, amma a karon farko masu ita sun so ta, a karo na biyu suka juya mata baya. Dalilin wannan bambanci nake so mu tattauna.

Asalinta ya girmi Nissan ɗin kansa, wato kamfanin da ke ƙera ta. A 1911 wani injiniya mai suna Masujiro Hashimoto ya buɗe ƙaramar masana'anta a Tokyo, ya fitar da motarsa a 1914. Mutum uku ne suka zuba masa jari, Den da Aoyama da Takeuchi, sai ya haɗa haruffan farko na sunayensu ya kira motar DAT. Kasuwa ba ta yi ba, domin a Japan ta wancan lokaci mota ta attajirai ce, su kuma Ford da Chevrolet suke saye. Kamfanin ya rayu ne da ƙera manyan motoci. Abin da ya buɗe masa ƙofa doka ce: a 1930 gwamnati ta ce motar da injinta bai wuce cc 500 ba ana iya tuƙa ta babu lasisi. Nan take suka ƙera 'yar ƙaramar mota da ta faɗa cikin wannan iyaka, a 1931, wadda daga baya aka kira Datsun. Wani ɗan kasuwa, Yoshisuke Aikawa, ya karɓe harkar, kuma daga hannunsa kamfanin Nissan ya samu sunansa a 1934. Kun ga ke nan tun daga haihuwarta an yi ta ne don mai ƙaramin ƙarfi.

Zan tsallake shekarun yaƙi. Abin lura shi ne bayan yaƙin ba su ji kunyar komawa makaranta ba. A 1952 suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Austin na Ingila: a turo musu mota a wargaje, su harhaɗa. Cikin 'yan shekaru sai ga shi kowane ƙarfe na motar a Japan ake yin sa. Ku ɗalibai ku riƙe wannan, domin a shekarun 1970 mu ma an kafa mana masana'antun harhaɗa mota, Peugeot a Kaduna, Volkswagen a Legas, amma matakin nan na biyu, na ƙera kayan a gida, bai kai inda ake fata ba. Wannan lacca ce ta wata rana.

Sai wani mutum da ba a maganar Datsun a bar shi, Yutaka Katayama. A 1958 shi ya jagoranci tawagar da ta kai ƙananan Datsun biyu gasar zagaya ƙasar Ostireliya, tafiyar kusan kilomita 16,000, yawancinta a kan hanya marar kwalta. Ɗaya daga cikinsu ta zo ta ɗaya a rukuninta. A 1960 aka tura shi Amurka. Mutumin nan ya riƙa bin dillalan tsofaffin motoci yana lallashinsu su karɓi Datsun, yana sauraron ƙorafin masu saye yana aika wa Japan: injin ya yi rauni a babbar hanya, kujera ta yi wa Ba'amurke kaɗan. Daga wannan naci aka samu Datsun 510 a ƙarshen shekarun 1960, da 240Z wadda aka sayar a kan dala 3,500 da 'yan kai, alhali tana gogayya da motocin Turai masu tsada nesa ba kusa ba. Ya rasu a 2015 yana da shekara 105.

Mu a Afirka shaidar da muka gani ita ce gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. Datsun ta ci a 1970 da 1971 a hannun Edgar Herrmann, ta ci a 1973 a hannun Shekhar Mehta, sannan Mehta ɗin ya ci sau huɗu a jere daga 1979 zuwa 1982. Wanda zai sayi tasi bai damu da kofi ba, amma ya ji cewa motar ta bi hanyar da ta fi tasa muni ta fita.

Yanzu mu zo kan wadda iyayenmu na gaba suka sani, 120Y. A Japan sunanta Sunny, an fara jerin ne a 1966, shekarar da Toyota ta fito da Corolla. Ƙirar da muka sani da 120Y ta fito a 1973, daidai lokacin da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kowa na neman motar da ba ta shan mai. A Najeriya kuma ta faɗo a kan gaɓa: kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, sun shigo hannun ma'aikata a 1975, malamin makaranta da akawu suka fara tunanin mota. Mai babban matsayi ya sayi Peugeot 504, na ƙasa da shi ya sayi Bitil ko Datsun.

Mece ce a cikinta? Ku buɗe bonet ɗinta, za ku ga ƙasa ta gefen injin. Injin A12 ne, silinda huɗu, bai cika cc 1,200 ba. Kafireta ɗaya. Sarƙa ce ke juya taimin, babu bel ɗin da zai tsinke maka a daji. Giya huɗu, ƙafar baya ke ja, sifirin ɗin baya kuwa na faranti ne irin na a-kori-kura, shi ya sa take ɗaukar lodin da bai kamata a ɗora mata ba. Babu kwamfuta ko ɗaya a jikinta.

Maigidana da ya koya mini aiki, Allah Ya jiƙansa, idan aka turo 120Y ta ƙi tashi, ba ya ma tambayar direba. Zai cire murfin distiributa, ya duba kwantak, ya goge shi da 'yar takardar yashi, ya yago kwalin ashana ya zura tsakanin baki biyun ya auna, ya ɗaure. Sai ya cire filogi ɗaya ya jingina shi a jikin injin, ya ce da ni, "Yaro, murɗa." Idan wuta ta yi tsalle shuɗiya, ya san matsalar ta mai ce, sai ya cire tiyo ya zuƙo fetur da baki ya tofar. Kafin direban ya gama shan shayinsa mota ta tashi. (Dariya.) Alhaji na ga kana gyaɗa kai, kai ma ka sha fetur ke nan. Ku ɗalibai kada ku kwaikwayi wannan ɓangaren, fetur guba ne, akwai famfon hannu.

Wannan shi ne abin da masu ita suke nufi in suka ce mota ce mai rufin asiri. Duk wanda ya riƙe ta zai gaya maka tana lalacewa kamar kowace mota. Amma lalacewarta ba ta fi ƙarfin aljihunsa ba, ba ta kuma fi ƙarfin bakaniken ƙauyensu ba. Direban haya yana iya cika balas ɗin maigida, ya sha mai, ya kai cefane gida, ranar gyara kuma a sallame shi kafin azahar. In kaya ake nema, a Ƙofar Ruwa ko Panteka za a samu, sabo ko na jikin wata da ta mutu. Haka 'yar bas ɗin nan C20 da ta yi shekaru tana jigila tsakanin garuruwanmu, ita ma daga gidan take.

Kada in yi ta yabo kamar dillali. Motar tana da aibi, babba kuwa shi ne tsatsa. Ƙarfen jikinta siriri ne, kuma ba a yi masa kariyar kirki ba. A Ingila, inda ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi, Datsun ta yi kasuwa sosai saboda tana tashi da safe kuma tana zuwa da rediyo ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma jikin yakan ruɓe injin yana nan garau. Mu a Arewa bushewar iska ta taimake mu, duk da haka wa bai taɓa shiga tasin da yake hango kwalta ta ƙarƙashin ƙafarsa ba? Bayanta yana tsalle a kan gargada in babu lodi. In kuma aka yi karo, babu abin da ke tsakaninka da ƙarfe sai addu'a. A zamaninta kusan duk ƙananan motoci haka suke, shi ya sa ba a riƙe ta da laifin ba.

To me ya kashe ta? Ba kasuwa ba ce. Shugabannin kamfanin ne suka ga duniya ta san Datsun ba ta san Nissan ba, alhali Toyota da Honda sunan kamfani shi ne sunan mota. A 1981 suka yanke shawarar sauya suna, zuwa 1986 an gama cire shi. An kashe maƙudan kuɗi wajen sauya allunan dillalai da talla, an jefar da sunan da aka yi shekara hamsin ana ginawa. A ganina wannan kuskure ne, ko da yake masu lissafin kamfani suna da tasu hujjar. Mu nan ma ba mu lura sosai ba, domin a 1986 ɗin ne darajar naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, muka koma 'yan Kwatano. A Afirka ta Kudu kuwa, 'yar a-kori-kurar da aka gina a kan tsohuwar Sunny sai 2008 aka daina ƙera ta.

Sai karo na biyu. A 2012 shugaban Nissan na lokacin, Carlos Ghosn, ya ce za a dawo da sunan don ƙasashe masu tasowa: Indiya, Indonesiya da Rasha, daga baya aka ƙara Afirka ta Kudu. A 2013 aka nuna Datsun Go a birnin Delhi, aka fara sayarwa a 2014 a kan ƙasa da rupi 400,000. Lissafinsu shi ne mai babur yana so ya koma mota, a ba shi mafi araha.

Ku dubi yadda aka samo arahar. Abin goge gilashin gaba guda ɗaya. Aljihun gaba babu murfi. Maimakon rediyo, wurin maƙala waya. Babu jakar iska, babu birkin ABS. Waɗannan duk da sauƙi. A ƙarshen 2014 ƙungiyar Global NCAP, mai gwada kariyar motoci a lokacin haɗari, ta gwada ta, aka buga ta da shinge a gudun kilomita 64 cikin sa'a, ta samu tauraro sifili cikin biyar. Rahoton ya ce gangar jikin ta lotse har ta kai ko an sa jakar iska ba za ta yi amfani ba. Shugaban ƙungiyar, Max Mosley, ya rubuta wa Ghosn yana neman a janye ta daga kasuwa. Kamfanin ya amsa cewa motar ta cika dokokin ƙasar da ake sayar da ita. Gaskiya ne ta cika, sai dai hoton gwajin ya riga ya zagaya wayoyin mutane.

Su waɗanda suka saya ba duka suka yi da-na-sani ba. Da yawa sun yaba da faɗin cikinta da ƙarancin shan mai, injin silinda uku ne mai cc 1,200. Ƙorafinsu shi ne ƙara tana shigowa ciki, wuraren gyara sun yi kaɗan in an kwatanta da na Maruti Suzuki da ke kowane lungu na Indiya, kuma ranar sayarwa farashi ya faɗi warwas. Akwai kuma abin da masu lissafi ba su auna ba. Mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗin motarsa ta farko ba ya so ya shigo unguwa da abin da kowa ya san an yi shi ne don wanda ba shi da hali. Mun ce araha ba ta ado, to shi mai sayen yana son adon ko kaɗan ne. Wanda ya sayi 120Y a 1975 irin motar da ake sayar wa Bature a Landan ya saya. Wanda ya sayi Go ya san ba za a bari a sayar da ita a Landan ko Tokyo ba. An ƙara mata jakar iska da ABS a 2018, amma an makara. Aka rufe a Indonesiya da Rasha a 2020, a watan Afrilun 2022 aka daina ƙera Datsun a birnin Chennai na Indiya.

Na ga hannu a can. Bismillah, Malam.

(Wani daga cikin mahalarta ya tambaya ko har yanzu akwai hikima a sayi tsohuwar 120Y don haya.)

Don haya, a'a, Malam. Mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara arba'in, fasinja ba zai shiga ba in ga wata a gefe, kuma ba ta da kariyar da za ka ɗora iyalan mutane a kai. Amma in makarantar nan za ta samu guda ɗaya ta ajiye a gareji, ina ba da shawarar a saya. Yaron da ya kwance A12 ya mayar da hannunsa ya ga yadda mai da iska da wuta suke haɗuwa, ranar da ya jona na'ura a jikin motar zamani zai gane abin da take gaya masa. In za ku saya, ku bar injin, ku fara ɗaga tabarmar ƙasa ku duba ƙarƙashin kujerar direba da mazaunin sifirin na baya. In can ya ruɓe, ku bar wa mai ita kayansa. Akwai wata tambayar kafin a kira salla?