Yahudawan da Suka Ƙi Sahayoniyanci Tun Ranar Farko

A birnin Basel na Suwizalan, a watan Agustan 1897, aka yi taron farko na 'yan Sahayoniya, masu neman kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, wanda jagoransu Theodor Herzl ya kira. Sai dai a Munich ta Jamus aka so yin taron. Su wa suka hana? Yahudawa ne. Malamansu na Jamus da shugabannin al'ummar garin suka ce atafau ba a nan ba, su Jamusawa ne masu addinin Yahudu, ba su da wata ƙasa da za su koma. Dole Herzl ya tattara komatsansa ya sauya wuri.

Ko wata biyu ba a yi ba, wasu Yahudawa 'yan gurguzu suka haɗu a ɓoye a Vilna, babban birnin Lituweniya na yau, suka kafa ƙungiyar ma'aikata mai suna Bund. Mabiyanta teloli ne, da majema, da leburorin masana'antu masu magana da harshen Yiddish. Akidarsu kalma ɗaya ce, doikayt, wato inda ka tashi nan ne gidanka, nan za ka ƙwaci 'yancinka. A ganinsu, wanda ya ce Bayahude ya kwashe ya bar Turai, bakinsa ya zo ɗaya da na mai korarsa.

Wannan tsoron ne ya kama Edwin Montagu a 1917. Shi kaɗai ne Bayahude a majalisar ministocin Birtaniya lokacin da ake shirya sanarwar Balfour, wadda a cikinta Birtaniya ta goyi bayan kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, kuma shi ya fi kowa yaƙarta. Ya rubuta wa abokan aikinsa cewa muddin aka kira Falasɗinu gidan Yahudawa, kowace ƙasa ta samu hujjar mayar da Yahudawanta baƙi.

Masu tsananin riƙo da addini kuwa, tasu hujjar daga Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, ta fito: zaman gudun hijira hukuncin Allah ne, ba a kawo ƙarshensa da ƙarfin tuwo kafin zuwan Almasihu. A kan wannan Malam Yoel Teitelbaum ya tsayar da jama'ar Satmar, masu yawan gaske a New York. Su kuma masu baƙaƙen huluna da kuke gani a zanga-zanga riƙe da tutar Falasɗinu, galibi 'yan Neturei Karta ne, wata ƙungiyar masu tsananin riƙo da addini. Kyamara na son su, amma 'yan tsiraru ne, kada a ɗauka su ne duka labarin.

To me ya rage wa wannan adawa ƙarfi? A nawa ganin, ba muhawara ce ta kayar da ita ba. 'Yan Nazi sun hallaka Yahudawa kusan miliyan 6, kimanin rabinsu 'yan Poland, cibiyar Bund. Waɗanda suka tsira, ƙofofin ƙasashe da yawa a rufe suka tarar da su. Bayan an kafa ƙasar Isra'ila a 1948, mafi yawan Yahudawa suka rungume ta.

Amma ga Marek Edelman, ɗan Bund, ɗaya daga kwamandojin boren da Yahudawan unguwar da aka killace su a Warsaw suka yi wa 'yan Nazi a 1943. Ya tsira, kuma ya ƙi barin Poland. Ya zama likitan zuciya a birnin Lodz. Ko a 1968, da gwamnati ta tayar wa sauran Yahudawa hankali dubbai suka fice, bai motsa ba. A Warsaw aka binne shi a 2009, tutar Bund a kan akwatin gawarsa.