Likitocin Yaran Birazil Suna da Yawa, Amma Suna Ina?

Jama'a masu sauraro, duk ranar 27 ga Yuli Birazil kan yi bikin likitocin yara, domin a ranar ce a 1910 Likita Fernandes Figueira ya kafa ƙungiyarsu a Rio de Janeiro. Ranar ta zo, sai lissafin nasarori. Kuma ba ƙarya suke yi ba. A 1990, cikin kowane jarirai dubu, kusan 47 ba sa cika shekara a duniya. Yau abin ya sauko wajen 12. Likitocin yara sun haura dubu 40, yawancinsu mata.

To madalla. Amma suna ina?

Wajen rabinsu suna kudu maso gabas, su Sao Paulo da Rio da Minas Gerais, inda kuɗi yake. Abin da ya kai arewa, yankin dajin Amazon, bai taka kara ya karya ba. A can, uwa kan saɓa yaron da gudawa ta tsotse, maɗigarsa ta faɗa, ta shiga jirgin ruwa ta kwana a kan kogi kafin ta ga Manaus, babban birnin jihar Amazonas. A Sao Paulo kuwa uwa mai inshorar lafiya tana zaɓen likita ne a waya, in wannan bai yi mata ba ta koma wancan. Ƙasa ɗaya ce fa, kuma tsarin mulkin 1988 ya ce lafiya haƙƙin kowa ce.

A Janairun 2023 duniya ta ga yaran ƙabilar Yanomami a jihar Roraima, haƙarƙari a waje, ana kwasar su a jirgin sama zuwa Boa Vista, babban birnin jihar. Masu haƙar zinare ta haramtacciyar hanya sun gurɓata koguna, zazzaɓin sauro da yunwa suka yi musu rubdugu. Sai da abin ya kai haka aka ayyana dokar ta-ɓaci. Ina likitocin nan dubu arba'in suke a shekarun da yaran ke ramewa?

Wasu za su ce a ƙara makarantun likitanci. Haba! Makarantun sun wuce 300, mafi yawa na kuɗi ne. Wanda ya yi shekara shida yana biyan kuɗi kamar zai sayi gida, ya ƙara uku na ƙwarewa kan yara, ka ce ya tafi garin da babu kwalbar renon bakwaini, babu albashi mai tabbas, kuma shugaban ƙaramar hukuma na iya sallamarsa bayan zaɓe? Ni ban ga laifinsa sosai ba, ko da yake wani lokacin nakan yi shakkar ko da an gyara komai zai je. Ko an yaye dubu ɗari, Sao Paulo za su nufa.

An gwada aron hannu. A 2013 gwamnatin Dilma Rousseff ta kawo likitoci daga Kyuba suka shiga lungunan da 'yan ƙasa suka ƙi. Ƙarshen 2018 siyasa ta shiga, fiye da dubu takwas suka tattara nasu ya nasu. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ke ƙara ba ni haushi shi ne Birazil ta san hanya. Zilda Arns likitar yara ce. A 1983 ta fara wani shirin kula da yara a wani ƙaramin gari, Florestopolis, ta koya wa mata 'yan sa-kai auna yara a sikeli duk wata, da haɗa ruwan gishiri da sukari da wani cokalin roba mai baki biyu, ƙaramin na gishiri, babban na sukari. Ta bi yaran har ƙofar gidajensu, kuma a bakin aikin ta rasu, a girgizar ƙasar Haiti ta 2010.

Ƙungiyoyin likitoci sun daɗe suna neman a yi musu tsarin aiki irin na alƙalai: gwamnati ta ɗauke ka, ta tura ka nesa, ta biya ka da kyau, ka san ranar da za a ƙara maka girma. Har yau ana ta jan ƙafa a Brasilia, babban birnin ƙasar. Yuli za ta sake zagayowa, za a sake karanto mana dubu arba'in, ni kuma zan sake tambaya: nawa ne a Roraima?