Hana ƙarin kuɗin haya a Riyad: wane kuɗi aka tsayar?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun daga Shara Mansur a Makka har Jidda da Madina, maganar da ake ta turawa a waya ita ce wai an hana ƙarin kuɗin haya a Saudiyya baki ɗaya, wasu ma har da cewa za a rage. Tambayoyinku sun yi yawa a kan wannan, shi ya sa muka zauna muka yi muku wannan bidiyon.

[Dogayen gine-ginen Riyad daga sama]

Ga abin da ya faru. Ranar 25 ga Satumba, 2025, aka tsayar da ƙarin kuɗin haya na tsawon shekara 5, gidan kwana ne ko shago. Amma a cikin birnin Riyad kaɗai. Makka ba ta ciki, Jidda ba ta ciki. Kuma ba a ce a rage ko riyal ɗaya ba, cewa aka yi kada a ƙara.

Me ya sa Riyad? Ku dubi titin nan. Mutum sama da miliyan 7 ke zaune a garin, kamfanonin waje na ta dawo da manyan ofisoshinsu, ma'aikata na kwararowa, gini kuwa bai kamo yawan jama'a ba. Ciwon ba na Riyad ba ne ita kaɗai. Hukumar kula da matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kusan biliyan 2.8 ba su da muhalli mai inganci. Birnin Balin na Jamus ya gwada ƙayyade kuɗin haya a 2020, kotun tsarin mulki ta soke dokar a 2021. Singafo kuwa gwamnati ce ta shiga gini da kanta, har kusan kashi 80 cikin 100 na mazaunanta a gidajen da ta gina suke.

To, mu dawo inda ake samun ruɗani, don nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

[Shafin Ejar a waya]

Wannan shi ne Ejar, rajistar gwamnati ta yarjejeniyar haya. Kuɗin da doka ta tsayar, wanda ke rubuce a nan ne. Abin da kuka yi da mai gida da baki, ko wanda kake miƙa wa harisi, wato mai gadin ginin, hannu da hannu duk wata, hukuma ba ta san da shi ba.

A ce kana cikin shigga, wato fulat, akad ɗinka na Ejar, wato yarjejeniyar hayarka, ya nuna riyal 30,000 a shekara. Shekara ta zagayo, mai gida ya ce 36,000. Ba shi da wannan ikon. 30,000 ɗin nan ita ce, har shekara biyar ɗin ta cika.

Yanzu a ce ka tashi, wani ya zo zai shiga. Mutane da yawa sun ɗauka tunda sabon ɗan haya ne, sai sabon farashi. A'a. Farashin yana bin gidan ne. Gidan da aka taɓa ba da shi haya, kuɗin akad na ƙarshe da ke Ejar shi ne iyakarsa. Mai gida na iya kai ƙorafi gaban hukumar gidaje idan ya yi wa ginin babban gyara, ko kuma akad na ƙarshen ya girmi shekarar 2024, amma hukuma ce za ta duba, ba shi zai yanke wa kansa ba. Gidan da ba a taɓa ba da shi haya ba, shi ne kaɗai aka bar ku ku daidaita.

Sai na uku, wanda ya fi damuna, don shi ne halin da 'yan uwanmu da yawa ke ciki. Kana biyan haya shekara da shekaru, ba ka taɓa saɓawa ba, amma babu akad a Ejar. Ko kuma akad ɗin da sunan wani yake, shi ya kama shiggar ya yanka muku ɗaki-ɗaki. Ranar da aka ce an ƙara, da me za ka je hukuma? Tun kafin wannan dokar, akad ɗin da ba shi da rajista ba ya da ƙarfi a gaban kotu. Mun saba da amana, kuma amana abu ne mai kyau, sai dai mai gidan da ka yarda da shi yana iya sayar da ginin gobe, magada ma suna iya karɓa, su kuwa takarda za su tambaya.

Abin daɗin shi ne, rajistar nan wajibi ce a kan mai gida. In ya ƙi, kai ɗan haya kana da damar neman a yi ta, shi kuma a ba shi kwana 60 in yana da ja. Wanda aka kama ya karya dokar, tararsa na iya kaiwa kuɗin hayar wata 12.

Don Allah, in an ce a rubuta kuɗi kaza a Ejar sannan ka cika ragowar a hannu, kada ka yarda. Tun Janairun 2024 ta Ejar ake biyan hayar gidan kwana, ta katin banki na Mada ko tsarin biyan kuɗi na SADAD. Abin da ka bayar a bayan fage, babu shaidar da za ta dawo maka da shi.

[Filayen da aka rushe a kudancin Jidda]

Mutanen Jidda da Makka, na san abin da ke ranku. Tun da aka rushe unguwanni irin su Gulail da Karantina da Sabil, inda talaka ke samun ɗaki daidai ƙarfinsa, haya ta yi tsada, kuma wanda bai da wata takardar izinin zama a ƙasar ba shi da hanyar shiga Ejar tun farko. A ganina tsayar da farashi yana ba mutum damar numfasawa, amma ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya. Shi ya sa na fi sa ido a kan harajin filayen da aka killace ba a gina ba, wanda aka ɗaga daga kashi 2.5 zuwa har kashi 10 a shekara.

Akwai dai sashe ɗaya da ya shafi kowane gari: akad yana sabunta kansa, sai in ɗayanku ya sanar da ɗan uwansa kwana 60 kafin ya ƙare. Saboda haka in kana da niyyar tashi, kada ka bari sai saura mako biyu. Buɗe Ejar yau, ka duba sunan wa ke kan akad ɗin, nawa aka rubuta, da ranar da zai ƙare, sannan ka ƙirgo kwana 60 baya ka sa wa wayarka tuni.